Ilmin Inshora da Manomin Roni

(Jawabin da wani ɗalibi ya yi wa taron ɗaliban ƙasar Kazaure a Roni, lokacin hutu)



Ran da na shaida wa kawuna cewa inshora nake karantawa a jami'a, sai ya nisa ya ce, "Watau takardar nan da direba kan nuna wa ɗan sanda, ita za ka shekara huɗu kana karantawa?" Ban ga laifinsa ba. Galibin mutanenmu iyakar saninsu ke nan: takardar mota da doka ta tilasta, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, ana biya don a huta da tsayarwa a hanya.

Alhali kuwa kawun nan nawa ya daɗe yana aikata abin da ake koya mana. Yakan shuka gero da dawa da wake a gona guda, domin in damina ta ƙi ɗaya, ɗaya ya tsira. Ba ya buɗe rumbu na biyu sai ya ga sabon gero ya nuna. Abin da jami'a ta ƙara a kan wannan dabara shi ne lissafi. Ba mai sanin rumbun da gobara za ta ci baɗi sai Allah, amma wanda ya rubuta abin da ya auku shekara ashirin yana iya kintata guda nawa kan ƙone cikin dubu. A misali, in manoma 1,000 suka zuba naira 5,000 kowanne, an tara miliyan 5 ke nan. In mutum 20 suka yi hasara, kowa ya tashi da naira 250,000.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Gobara takan ci gida ɗaya, dangi su kawo gudummawa. Fari kuwa ba ya zaɓen gona. In ya zo, Roni da Gwiwa da Babura duk sukan kwana da shi, wanda za ka roƙa shi ma roƙo yake yi. Haka ambaliyar 2022 ta yi wa garuruwa masu yawa a Jihar Jigawa. Saboda haka tilas asusun ya yi faɗi, ya haɗa manomin nan da na wata jiha mai nisa, kamfanin kuma shi ma ya yi wa kansa inshora a wurin wanda ya fi shi ƙarfi. Gwamnatin Tarayya ta soma shirin inshorar manoma tun 1987, amma ina tambaya, mutum nawa ne a wannan zaure suka taɓa jin labarinsa?

Na san abin da ke ran wasunku, watau maganar addini. Malamai sun soki inshorar Turawa saboda riba da garari da kamannin caca, sukar kuwa tana da hujja. Amma haɗa kai don ɗaukar hasara ba baƙo ba ne a Musulunci. Duk wanda ya karanta Risala ya san diyyar kisan kuskure a kan dangi take, su raba ta tsakaninsu. Bisa irin wannan tushe aka gina takaful: aka kafa kamfanin farko a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013. A nan kuɗin da aka zuba gudummawa ne, asusun na masu zubawa ne, in an sami rara ana iya mayar musu.

Sa'ad da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, sai aka koma kafa asusun neman taimako. Taimako abin yabo ne, amma ba haƙƙi ba ne da mutum zai iya nema a gaban alƙali.

Ƙannenmu masu shirin shiga jami'a, ana koyar da wannan ilmi a Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai dai fa wanda ke gudun lissafi zai sha wuya. Ku kuma ma'aikatan gona na ƙaramar hukuma, roƙona gare ku ƙarami ne: ku riƙa rubuta yawan ruwan da ya sauka a kowace gunduma, da gonakin da suka lalace, shekara bayan shekara. Muddin babu wannan littafi, ba mai iya faɗin abin da ya kamata manomin Roni ya biya.