HAƘƘINMU DA WAJIBINMU WAJEN BUƊE ASUSUN KARANT A BANKI

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na 'yan'uwa mazauna Ibadan da kewaye

 

  

Shugabanni sun umurce ni in yi bayani a kan koken da ya fi yawan zuwa ofishinmu, wato wahalar da mutanenmu ke sha idan sun je buɗe asusun karant a banki. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, kowa ya gane cewa zamanin ɗaura kuɗi a ƙugu ya wuce. Mai sayen shanunka ko albasarka ta waya zai biya ka, kamfani kuma cek zai rubuta. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Maganata guda ce. Banki yana da haƙƙin ya san ko kai wane ne da kuma inda kake kwana, amma ba shi da haƙƙin ya kore ka saboda garin da kakanka ya fito. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali. Unguwar Sabo tun 1916 aka kafa ta, da yawa daga cikinmu a nan aka yanke musu cibiya. A fom ɗin banki za ka ga gurbin jihar asali da ƙaramar hukuma. Ka rubuta gaskiya ba tare da fargaba ba, domin bayani ne kawai. Takardar shaidar zama ɗan asalin jiha ba ta cikin katunan shaidar da ake buɗe asusu da su.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin waɗanda aka dawo da su, da muka duba, takardunsu ne ba su cika ba. A shekarar 2013 Babban Bankin Nijeriya ya kasa asusu mataki uku. Na ɗaya da na biyu suna da sauƙin buɗewa, amma akwai iyaka ga kuɗin da za su ɗauka. Asusun karant yana mataki na uku, shi ya sa bincikensa ya fi tsanani. Ga abin da za ka riƙe kafin ka bar gida.

Na farko, lambar BVN da lambar NIN, kowacce alƙaluma 11 ce. An fara BVN a watan Fabrairun 2014, kuma mutum ɗaya lamba ɗaya gare shi ko bankunansa nawa ne. NIN kuwa hukumar NIMC ke ba da ita. A watan Disambar 2023 Babban Banki ya wajabta lambobin biyu ga asusun mataki na biyu da na uku. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, na NIN kuma *346#.

Na biyu, katin shaida mai hoto wanda bai ƙare aiki ba: shaidar ɗan ƙasa, ko katin zaɓe, ko lasin tuƙi, ko fasfo. A haɗa da ƙananan hotuna sababbi.

Na uku, shaidar mazauni, wato takardar biyan kuɗin wuta ko ruwa ta cikin watanni ukun da suka wuce. Nan ne ƙafar yawancinmu ke sarƙewa, domin gidan haya muke, mita kuma sunan mai gida ke kanta. Wannan ba ya hana komai, adireshin gidan ake nema. Ka karɓi takardar a hannun mai gida, ka haɗa da rasit ɗin haya idan kana da shi. Banki yakan turo mutum ya ga gidan da idonsa. Saboda haka ka sanar da iyalinka da maƙwabta cikakken sunanka. Mun ga inda ɗan aiken banki ya zo ya ambaci sunan da ke kan takarda, yaran gida suka ce ba su san shi ba, domin kowa da laƙabin kasuwa ya san mutumin. Haka kawai aka rubuta cewa adireshin ƙarya ne.

Na huɗu, mutum biyu da za su tsaya maka, waɗanda su ma suke da asusun karant da ya daɗe yana aiki. Mai asusun ajiya ba ya tsaya wa mai buɗe karant. Ina roƙon alhazanmu su taimaka wa na ƙasa da su, amma kada kowa ya sa hannu ga wanda bai san halinsa ba.

Jama'a, babbar matsalarmu ita ce suna. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa sau uku yana zuwa wani banki ana dawo da shi, har ya zo wurina cikin fushi yana cewa don shi Bahaushe ne. Da muka baje takardunsa, sai ga shi a BVN an rubuta Mohammed, a NIN Muhammadu, a katin zaɓe kuma sunan garinsu ne a gurbin sunan mahaifi. Shekarar haihuwa ma biyu ce. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ƙi. Maganin shi ne ka zaɓi rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka gyara ta hannun hukumar NIMC inda ake biyan kuɗin gyara a karɓi rasit, sannan ka kai wa bankinka ya daidaita BVN. Iyaye, 'ya'yanku tun daga takardar haihuwa da ta makaranta ku tsayar musu da suna ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Sai maganar sa hannu. Ni kaina da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma na san kunyar da mutum ke ji a gaban kanta idan an miƙo masa fom. Babu abin kunya, matambayi ba ya ɓata. Kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka ba. Ka je da ɗanka ko wani amintacce. Ka tambayi kuɗin da za a riƙa cirewa, domin tun da aka soke COT a 2016 aka kawo kuɗin kula da asusun karant. Iyayenmu mata, asusunku naku ne, da sunanku da lambarku za a buɗe shi.

Har ila yau ina jan kunnen matasa. Kada ka ba kowa aron asusunka ko lambobinka don ya ba ka na goro. Idan kuɗin damfara ko na fansa suka bi ta ciki, sunanka hukuma za ta gani. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kira ya nemi lambar sirrin katinka. Haka kuma, rubuta cek alhali babu kuɗi a asusu laifi ne, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 a kansa.

Binciken nan ma yana da ranarsa. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, da BVN hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta gano sauran asusun masu ajiya ta tura musu kuɗinsu, har zuwa naira miliyan 5.

To idan takardunka sun cika amma aka ƙi ka fa? Kada ka yi hayaniya. Ka nemi ganin manaja, ka tambayi dalili cikin ladabi. Idan bai gamsar da kai ba, ka shigar da koke a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. Idan mako 2 ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Banki, kuma yana da reshe a nan Ibadan. Ofishin ƙungiya zai taimaka wajen rubutun kyauta.

A ƙarshe, duk mai niyyar zuwa banki ya fara biyowa ta ofis da takardunsa duka, mu jera su mu duba tare, don kada a yi asarar yinin kasuwa a banza. Allah ya sa albarka a neman halalinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.