Kafin Ka Fara Furojet: Jawabi Ga Ɗalibanmu Na Sabo, Ibadan



An ce in yi magana a kan binciken da ɗalibi ke yi a shekararsa ta ƙarshe, wanda kuke kira furojet. Kafin a bar ka ka fara, sai ka kai wa malamin da zai duba aikinka 'yar takarda mai bayyana abin da za ka bincika da yadda za ka yi. To, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari da aka yi ta dawo musu da wannan takarda, har sa'o'insu suka tafi bautar ƙasa suka bar su.

Ciwon guda ne: ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuya. Wani yaronmu ya kawo mini take, wai zai rubuta tarihin Hausawa a ƙasar Yarbawa. Na ce, kai, a cikin wata shida? Muka zauna muka rage shi ya koma tambaya ɗaya tak: yaya ake ba da bashi a cinikin shanu tsakanin maigida, baƙonsa da mahauci? Wannan kam yana iya zuwa kara ya tambaya da bakinsa.

Saboda haka takardarka ta amsa abu biyar. Me kake son sani? Me ya sa ya kamata a sani? Wa ya riga ka yin rubutu a kai, kuma me ya bari? Wa za ka tambaya, a ina? Wata nawa za ka ɗauka, kuma nawa za ka kashe? In ɗaya ta gagara, to ba ka shirya ba tukuna.

Kada wani ya ce babu abin karantawa. Wani masani, Abner Cohen, ya yi bincike a nan Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969 kan fataucin goro da shanu da siyasar unguwar nan. Karanta shi, sannan ka tambayi kanka: me ya canja daga lokacin? Ga kuma Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a cikin Jami'ar Ibadan, inda takardun zamanin Turawa suke.

Amma babbar taskarmu ita ce dattawa. Tun 1916 aka kafa Sabo, kuma masu riƙe da labarin suna ta tafiya. Ka je da ladabi, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya a wayarka, ka rubuta rana da wurin hirar.

Sai gargaɗi. Kada ka sayi furojet ɗin wani ko ka kwafo daga intanet. Ranar da za ka kare aikinka, tambaya biyu ta isa ta tona asiri.

Ku kuma iyayenmu, in yaran nan sun zo da takarda da biro, don Allah a ba su tabarma a ba su labari.

Allah ya ba da sa'a.