Kafin Ka Sa Hannu: Jawabi Kan Kare Fentin Sabuwar Mota

 

An ce in yi magana a kan kare jikin sabuwar mota, tunda da yawanmu a nan Washington mota ce gonarmu, musamman masu Uber da Lyft. Zan fara da inda kuɗi ke zurarewa. Bayan kun gama ciniki da dila, sai a shigar da kai wani ƙaramin ofis don sa hannu a takardun bashi. A nan ake tallata maka "kariyar fenti da kujeru". A ce dala 1,500 ce. In an raba ta wata 72 ba ta kai dala 21 a wata ba, sai ka ga kamar ba komai, alhali kuɗin ruwa na hawa kanta har ƙarshen bashin. Sau da yawa kuma abin da aka shafa wa motar bai wuce wanda za ka saya a kanti ka shafa da hannunka ba. Hukumar FTC ta fitar da ƙa'ida a Disambar 2023 don taka wa irin wannan ƙari birki, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Janairun 2025. Saboda haka karanta takardar layi-layi, kuma kana da damar cewa a cire.

Ba ina nufin mota ba ta buƙatar kariya ba. Sheƙin nan da kuke gani wani ruwa ne garai-garai da aka fesa a saman launi, kaurinsa bai kai na takarda ba. In ya ci, sai sabon fenti. A unguwanninmu na Arewa maso Yamma, Petworth da Brightwood da Columbia Heights, yawancinmu a bakin titi muke kwana da mota, ƙarƙashin itatuwa. Watan Afrilu garin furen itace ya rufe ta rawaya, da zafi ƙaro ya ɗigo, tsuntsaye kuma ba sa neman izini. Kashin tsuntsu in ya kwana biyu a rana yakan ƙone sheƙin ya bar tabo. Wanda ke kusa da Rock Creek Park ya fi kowa sanin wannan.

Kakin folish shi ne mafi arha, amma 'yan watanni yake yi. Ruwan siramik, wanda ake haɗawa da sinadarin silika, yakan daskare a jikin fenti ya yi shekara biyu zuwa biyar in ana kula. Ruwa na zamewa a kansa, datti ba ya kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi. Sai dai duk wanda ya ce maka siramik zai hana tsakuwa fasa fenti, ba gaskiya ya faɗa maka ba, don siririn shafi ne ƙwarai. Mai tare tsakuwa ita ce leda mai kauri, irin ta XPEL ko 3M, da ake mannawa. Tana da tsada, don haka a ganina a bamba da gaban bonet da madubin gefe ta wadatar, ga mai yawan bin Beltway. Kuma kafin a shafa siramik dole a wanke a goge fentin tas, in ba haka ba an rufe datti ne a ƙarƙashi. Kuɗin aikin nan ne ainihin abin da kake biya, sai ka tambaya awa nawa za su yi.

Babban abokin gaba kuwa duk waɗannan ba sa kai wa gare shi. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara a ƙarƙashin mota yake maƙalewa, ya ci shasi da bututun birki. Jiki na ƙyalli, ciki na tsatsa. Maganinsa wanke ƙarƙashin mota bayan kowace dusa.

Gilashi da roba ba su da wuya. Rain-X na sa ruwan sama ya gangara daga gilashin gaba, baƙar robar gefe kuma a shafa mata mai hana rana koɗar da ita. A yi hattara da baƙin gilashi: dokar birnin Washington ta ce tagogin gaba na ƙaramar mota su bar kashi 70 na haske ya shiga, na baya kashi 50, yayin da Maryland ta yarda da 35. Kada ka ga na ɗan'uwanka na Silver Spring ka kwaikwaya. Kujerun yadi a fesa musu Scotchgard, a sa tabarmar roba saboda gishirin takalmi. Sitiyari da fedal kada mai santsi ya taɓa su.

'Yan'uwa na gida, ku naku rana ce da ƙurar hunturu. Yaron da ke karkaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya, sanfefa yake goga mata a hankali. A fara watsa ruwa ƙura ta sauka, sannan a sa soso mai laushi. Omo na wanki ne, yana cinye folish. A sa abin tare rana a gilashin gaba don kada dashbod ya tsage, kuma motar da aka yi wa sabon fenti a bar ta ta sha iska aƙalla wata guda kafin a shafa mata komai. In an aiko muku mota daga tashar Baltimore ta Kwatano ko Legas, kafin ku yaba sheƙinta ku sa bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila, musamman in ta yi hunturu da yawa a wannan yankin.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, in kuma akwai wanda ya zo da takardar dila, ya kawo mu duba tare bayan an ci abinci.