Jawabin Bikin Cikar Shekara: Masu Jinya a Bakin Daga

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwana na Rano da Kibiya, barkanmu da ganin wannan rana. Ni 'yar kasuwa ce, karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, to ku saurare ni da haƙuri.

Idan ana labarin yaƙi, maza ake ambata. Amma a bayan masu bindiga akwai mata masu wanke rauni da karɓar haihuwa. Tun zamanin Annabi (SAW), Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Kun ga aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu.

Malamarmu ta karanta mana labarin wasu nas-nas 'yan Ostareliya a Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairun 1942, a tsibirin Bangka na Indonesiya, sojojin Japan suka tura su 22 cikin teku suka buɗe musu wuta. Ɗaya ce ta rayu, Vivian Bullwinkel, ita ta ba da shaida bayan yaƙi. Har yau mutanensu ba su manta da su ba.

Mu ma muna da namu. Ranar 1 ga Maris 2018, wani ɓangaren Boko Haram ya kai hari garin Rann na jihar Borno, inda 'yan gudun hijira suka taru. Aka sace ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, tare da nas Alice Loksha. An kashe Saifura a watan Satumba, Hauwa a watan Oktoba, tana da shekara 24. Alice sai a 2024 ta kuɓuta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Me ya kai su can? Mata ne ke naƙuda a sansani, ba mai kama su.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: to ai shi ya sa ba zan bar 'yata ta karanci aikin jinya ba. Tsoron nan na gaskiya ne, ni ma uwa ce. Amma ku tuna daren da naƙuda ta tsaya wa 'yarki, aka ɗauko ta daga ƙauye a mota zuwa Babban Asibitin Rano. Wa kike fatan samu a ɗakin haihuwa? Mace. To macen nan 'yar wata ce. Idan kowa ta riƙe tata, wa zai karɓi jikokinmu? Kuma yawancinsu a nan gida za su yi aiki, ba a bakin daga ba.

Shawarata ita ce, mu ware naira ɗari biyu kowane mako a gefen adashenmu. Mu zaɓi yarinya ɗaya daga Rano, ɗaya daga Kibiya, waɗanda suka gama sakandare da sakamako mai kyau. Mu saya musu fom ɗin makarantar koyon jinya ta Madobi, mu ɗauki kuɗin littafi da na mota. Mu je da kanmu mu roƙi iyayensu maza. Da sannu ƙwaya take zama tsibi.

Hajiya Shugaba, ina roƙon a sa wannan magana a taronmu na gaba, a ƙirga hannu. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.