Hattara Da Babbar Mota A Wurin Lodi



Duk shekara idan an yanke shinkafa a fadamun Kirikasamma, manyan motoci sukan shigo kwasar buhuna zuwa Haɗeja da Kano. Lokacin samu ne ga 'yan dako da yaran mota. A lokacin ne kuma ake yawan jin rauni. Wanda ya fi shiga hatsari shi ne mutumin da ke tsaye a ƙasa kusa da mota.

Tirela takan ɗauki buhu 600 mai kilo 50, wato tan 30. Mota mai irin wannan nauyi ba ta tsayawa nan take ko an taka birki. Direbanta yana zaune can sama. Ba ya ganin wanda ke dab da bayan motar ko gindin ƙofar hannun dama. Idan mutum ba ya hango fuskar direba a madubi, to direba ma ba ya ganinsa. Saboda haka in mota za ta ja da baya, mutum ɗaya tak zai yi wa direba jagora, ya tsaya inda ake ganinsa. Sauran kowa ya kauce.

Kafin a fara lodi, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa wa taya waigi. A duba ƙasar wurin. Ƙasar fadama da ruwa ya janye takan bushe a sama alhali ƙarƙashinta da laushi. Taya ɗaya ta nutse, sai motar ta kife da kayanta. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota don neman inuwa. Kada a hau kan lodi a yi tafiya.

Samari da yawa suna zuwa cirani masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano. A can za su ga ƙaramar motar ɗaga kaya, mai ƙarafa biyu a gaba kamar cokali mai yatsu. Ƙarama ce a ido, amma ta fi motar shiga nauyi. Da tayoyin baya take juyawa, don haka bayanta yakan bugi wanda ke gefe. Kujerarta ɗaya ce, ba ta ɗaukar fasinja. Ba a shiga ƙarƙashin kayan da ta ɗaga. Mai tuƙa ta sai wanda aka koya wa. Ya sauke kaya kusa da ƙasa kafin ya yi tafiya, kada kuma ya wuce nauyin da aka rubuta a jikinta. Ga amfanin karatu ke nan.

Idan babbar mota ta faɗi, a nisance ta. A watan Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura. Mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Ma'aikacin kamfani da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi a yi masa magani, a biya shi diyya ta hannun hukumar NSITF. Ya sanar da shugaban aikinsa da wuri, ya adana takardun asibiti.

Diyya dai ba ta mayar da ƙafar da ta guntule. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha da kasuwa. Allah ya kiyaye, amin.