A AUNA ƘASA KAFIN A SAYI YURIYA

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, ƙanne da yayye mazauna Samarun Kataf.

Maganarmu ta yau a kan masara ce da takin zamani. Kowa ya san yadda buhun taki ke cin aljihu, amma da yawanmu muna zuba shi da ka, wai don haka maƙwabci ya yi. To jama'a, gonar da ta ɗauki masara shekara uku a jere da wadda aka cire waken soya a cikinta bara, yunwarsu ba ɗaya ba ce.

Babban abincin masara shi ne sinadarin naitirojin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin, buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kimanin kilo 120 a kowace hekta, wato buhu takwas na kamfa da kusan buhu uku na yuriya. Amma wannan lissafi na kowa da kowa ne, bai san tarihin gonarka ba.

Waken soya ba baƙo ba ne a nan, an san Kafanchan da daddawarsa tun da daɗewa. Shi da gyaɗa da wake suna da 'yan ƙulluka a saiwarsu, inda wasu ƙananan halittu ke jawo naitirojin daga iska. Shi ya sa masarar da ta biyo bayansu takan fi kyau, kuma soya na rage wuta-wuta. Sai dai fa a lura. In mun kwashe harawa kaf muka kai wa dabbobi, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Nawa ya rage? Awo ne kaɗai zai faɗa.

Ga yadda ake ɗibar ƙasar. A zaga gona a karkace, a haƙa wuri 15 zuwa 20, zurfin taƙi guda, wato kamar santimita 20. A guji gindin bishiya, da suri, da inda aka taɓa jibge takin gida. A cakuɗa a bokiti mai tsabta, a ɗebi kamar rabin kilo, a shanya a inuwa. Sannan a rubuta sunan mai gona da abin da aka shuka bara. Gonar tudu daban, ta fadama daban.

Awon bazara yana nuna tsamin ƙasa, da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta, da sauran sinadarai. Amma naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan farko yana tayar da shi, marka kuma ta wanke shi zuwa ƙasa, ga shi yankinmu ya fi Kano da Katsina ruwa nesa ba kusa ba. Wannan matsala ce ta sa a Amurka, a shekarar 1984, wani masani mai suna Fred Magdoff ya fito da dabarar auna ƙasa bayan masara ta tsiro ta kai kamar santimita 15 zuwa 30. In an tarar da isasshen naitirojin, sai a rage zubi na biyu ko a fasa shi. Darasin da ke ciki gare mu shi ne kada mu juye taki duka rana ɗaya. A raba shi biyu: kamfa da wuri, yuriya a mako na biyar ko na shida, a binne, kada a watsa.

Ina za a kai ƙasar? Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke ɗaya Samarun, ta Zariya, tana da ɗakin awo. Shawararmu ita ce ƙungiya ta tattara samfurin kowa, mutum ɗaya ya kai, a raba kuɗin mota. In sakamako ya dawo, a nemi malamin gona ya fassara mana.

Wanda bai samu hali ba, ya ware kunya huɗu a tsakiyar gonar da soya ta kwana, ya ba su rabin yuriya, da kaka ya auna da mudu ya gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.