TAKWARA: Hamisun da muka haddace da Hamisun da ba mu sani ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba. Daga nan Dorayi nake magana kamar kullum, kuma yau hirar takwara za mu yi, wato 'yan siyasa da mawaƙan da suna ya haɗa su.

Bari mu fara da gwaji. Idan na ce "Hamisu", wa ya faɗo maka a rai? Na san amsar, Breaker ne. Ɗan unguwarmu ne, kuma a 2020, lokacin kullen korona, waƙarsa ta Jaruma ta shiga kowane gida. Ba mu da ja a kan wannan, abin alfaharinmu ne.

To amma a watan Disambar wannan shekarar ta 2020, wani Hamisun ya hau wata kujera a Kano. Hamisu Ibrahim Chidari, mai wakiltar Makoɗa, shi ya zama shugaban majalisar dokokin jiha. A shekarun da ya riƙe kujerar, kasafin kuɗin Kano ta gabansa yake bi, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, kuɗin titi. A 2023 kuma ya wuce majalisar wakilai a Abuja, yana wakiltar Dambatta da Makoɗa. Ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah, mutum nawa ne a majalisarku ta shayi suka san wannan Hamisun? Ba zarginsa nake da komai ba, kuma ba tallarsa nake ba. Mu nake tambaya.

Ai takwara a ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ne. Wasu sunayen namu ma lissafi ne daga Larabci: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar. Shi ya sa dole sai an ƙara laƙabi. Ɗan siyasa yakan ɗauki sunan garinsu, kamar Rimi, Kwankwaso da Ganduje. Mawaƙi kuwa sau da yawa sana'arsa ce take raɗa masa suna. Ku dubi Rabi'u Musa Kwankwaso da marigayi Rabilu Musa Ibro, sarkin barkwanci mai haɗawa da waƙa, wanda ya rasu a 2014. Harafi ɗaya ne tsakanin sunayensu. Ga kuma Dauda biyu: Dauda Kahutu Rarara, mawaƙin APC, da Dauda Lawal, wanda ya kayar da APC a zaɓen gwamnan Zamfara na 2023. Suna ɗaya, amma a wancan zaɓen kowa da inda ya sa gaba.

Takwarorin da na fi so mu tsaya a kansu su ne Aminu biyu.

Na farko Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Shi ne jagoran NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, daga baya kuma ya jagoranci PRP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai taɓa zama gwamna ba, bai zama shugaban ƙasa ba, amma yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa sunansa suke ɗauke da shi. Gidansa na Mambayya yana nan a Gwammaja, wanda bai taɓa zuwa ba ya daure ya je ya ga inda mutumin ya rayu.

Na biyu Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa. A 2009 an kama shi an tsare a Kano a rikicin hukumar tace fina-finai da mawaƙa, saboda waƙa. Ba bindiga ya ɗauka ba, baiti ya rera.

Abin da ya haɗa Aminun nan biyu ya wuce suna. Dukkansu sun san cewa kalma tana da nauyi, kuma mai mulki yana tsoronta. NEPU ba ta da kuɗin da za ta kara da NPC, kuma magoya bayanta sun sha ɗauri. Da me ta isa kunnen talaka? Da lacca da waƙa. Irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, waƙoƙinsu makaranta ce. Manomin da bai iya karatun boko ba yana jin waƙa ya gane mene ne haraji, mene ne zalunci, mene ne 'yanci. A lokacin, waƙa tana koya wa talaka ya yi wa mai mulki tambaya.

Yau fa? Mafi yawan waƙar siyasa kirari ce da habaici. Ana saka ta a mota, mu yi rawa, mu haddace sunan ɗan takara, amma ko abu ɗaya da ya yi alƙawari ba za mu iya kawowa ba. Ni ban ga laifin mawaƙi don ya nemi abincinsa ba. Laifin yana wurin mai zaɓen da kiɗa ya ishe shi hujja.

Me ya sa wannan ya dame mu a Dorayi? Ku fito titi da sassafe ku ga matasan da suke cika adaidaita sahu zuwa Sharaɗa da Challawa, wasu har Bompai. Iyayenmu sun ga lokacin da masaƙu da kamfanonin fata suke aiki dare da rana. Rashin wuta da kayan waje masu araha sun rufe da yawa daga ciki. Waɗanda suka rage, da yawan matasanmu aikin wucin gadi suke yi a ciki, babu takardar ɗaukar aiki, yau kana ciki gobe a ce ka huta. A 2024 an sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wa zai bibiyi ko tana isa ga ma'aikaci? Wa zai yi magana a kan ruwan jimar da yake gangarawa kogin Challawa? Wannan ba aikin Breaker ba ne, ba aikin Ala ba ne. Aikin waɗanda muka tura majalisa ne, kuma sunayensu ne ba mu riƙe ba.

Kano tana da 'yan majalisar jiha 40, 'yan majalisar wakilai 24, sanatoci 3. Dorayi a ƙaramar hukumar Gwale take, muna da namu a cikinsu. Wanda ba ka san sunansa ba, ta yaya za ka tambaye shi? Shi kuma in ya tabbata ba ka san shi ba, me zai sa ya ji kunyarka?

Sannan kada mu manta, tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ke Hajara, kai Sani, ƙofar a buɗe take. Kuma Bahaushe ya ce suna linzami ne. Masu suna Aminu da suke jin mu, kun san takwaran da kuka gada.

Ga aikin gida. Kafin shiri na gaba, kowa ya nemo sunaye uku: kansilan mazaɓarsa, ɗan majalisarsa na jiha, da na tarayya. Ka nemo aiki ɗaya da kowannensu ya yi, ko ƙudiri ɗaya da ya kawo, ka rubuto mana. Kada ka kwafi na wani, ka tambaya a unguwarku. Mawaƙanmu kuma, musamman masu tasowa, muna roƙo: a cikin waƙoƙin soyayya goma, a ba leburan Sharaɗa ko guda ɗaya.

Ku ci gaba da jin waƙa, ni ma ina ji. Ku tura wa takwarorinku wannan shirin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.